Zuwa ga ɗana, kafin ka sa kaki

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ke ɗan taɓa ta, ita ma da sauƙi.

Rubutawa na yi saboda ni da kai ba ma iya dogon zance baki da baki. Da na fara sai ka sunkuyar da kai kana "to, Baba", ni kuwa na san wannan "to" ɗin naka tun kana ƙarami: kunne yana nan, zuciya ta yi gaba. Takarda kuwa za ka iya ajiye ta, ka sake dubawa ranar da ranka ya yi sanyi.

Ƙanwarka ce ta gaya mini, kuma kada ka kira ta ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce tun da sunanka ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin soja, ba ka da zance sai na sajen nan na fim ɗin Platoon, Barnes, mai tabo a fuska. Ka sa hotonsa a wayarka. Kana gaya wa abokanka shi ne soja na gaske, shi kuwa ɗayan sajen, Elias, tausayinsa ne ya kashe shi. Ta ce har ka ƙara da cewa, "Ai Baba ma Barnes ne a gidansa." Wannan ta ƙarshen zan dawo kanta.

Na riga ka kallon fim ɗin nan da shekaru masu yawa, kuma na sake zama na kalle shi bayan maganar ƙanwarka. A 1986 ya fito. Wanda ya shirya shi, Oliver Stone, shi kansa ya yi yaƙin Biyetnam a 1967 da 1968, an ji masa rauni a can. Shi ya sa bai zana Barnes a matsayin dodo ba, kuma ni ma ba zan yi maka ƙarya in ce dodo ne ba. Na ga abin da ka gani a tare da shi. Mutum ne da ba ya rawar jiki in harsashi ya fara tashi. Laftanan ɗin da aka ɗora a kansu ko taswira ba ya iya karantawa daidai, har ya jawo musu ruwan wuta daga manyan bindigogin nasu, Barnes ne ya fizge ragamar. In da ni ne kurtu a dajin nan, cikin duhu da ruwan sama, ban san ta ina mutuwa za ta ɓullo ba, wataƙila bayansa zan so in laɓe. Kuma in ka lura da fuskarsa lokacin da nakiya ta tashi da yaransa biyu, za ka ga abin ya ci masa rai. Yana son yaransa, irin son da ya iya. Yaƙi ne ya tauna shi ya tofar, ya sake taunawa, har ya zamana bai san wata rayuwa ba sai ita. Ina jin tausayinsa, wallahi.

Amma ka kalli fim ɗin har ƙarshe kuwa, ko dai in an wuce wuraren harbi hankalinka komawa kan waya yake yi?

Sun shiga ƙauye bayan sun tsinci gawar ɗan'uwansu an yi mata wulaƙanci, zuciyar kowa na tafasa. Sun sami makamai a ɓoye, haka ne. Barnes na tuhumar mai garin, matar mutumin na gefe tana kuka tana ƙorafin ɓarnar da aka yi musu. Ba ta da makami. Muryarta ce kawai ta ishe shi, ya ɗaga bindiga ya harbe ta a ka. Sannan ya jawo 'yarsu ƙarama ya ɗora mata bakin bindiga. Ka gaya mini, sojan nasa nawa wannan harsashin ya ceta? Daga baya, da ya ga Elias zai ba da shaida a kansa a kotun soja, ya same shi shi kaɗai a daji, Elias ya gan shi har ya yi masa murmushi, ya ɗirka masa harsashi, ya dawo ya ce abokan gaba ne suka kashe shi. To ba tausayi ne ya kashe Elias ba, ɗana. Abokin aikinsa ne ya harbe shi don ya rufa wa kansa asiri, ya bar shi abokan gaba suka ƙarasa shi. Mutumin da kake cewa yana kare yaransa, ya rage musu saje mafi sanin dajin nan a ranar da suka fi bukatarsa. Wanda ya saba wa hannunsa da jinin da bai halatta ba, hannun ba ya tsayawa tambayar kalar kaki.

Ga abin da ke hana ni barci. Ba na tsoron ka zama Barnes. Kafin mutum ya zama Barnes sai ya sha harbi ya tashi, ya sake sha ya tashi. Ka duba waɗanda ke bin bayansa suna kwaikwayon tafiyarsa. Akwai yaron nan Bunny, wanda ya farfasa kan wani saurayi naƙasasshe da gindin bindiga a gaban tsohuwarsa, yana dariya. Bai da ƙwarewar Barnes, bai da tabonsa, bai ɗauki nauyin ran kowa ba. Muguntar kawai ya kwasa, don ita ce mai sauƙin koyo. Abin da masu sha'awar irin Barnes ke zama ke nan. Ko shi Chris, yaron kirkin da ya bar jami'a ya kawo kansa yaƙi, kafin Bunny ya yi nasa shi ne ya tsaya yana harbi kusa da ƙafar naƙasasshen yana sa shi tsalle. Sai da ya ga abin da hannunsa ke yi ya fashe da kuka. Yaro mai tarbiyya ke nan, watanni kaɗan da zuwa. Wannan wurin na dakatar da fim ɗin, na daɗe ban ci gaba ba, don kai na gani.

Mutuwa ba ita nake ji maka ba. Na sa hannu a takardarka ina sane, mahaifiyarka na kuka, kuma ban yi da na sani ba. Ajali ba ya jiran kaki. In aka kawo mini labarin ka faɗi kana kare bayin Allah, zan yi kuka in yi haƙuri in sa rai da haɗuwa. Abin da ban san yadda zan ɗauka ba shi ne ka dawo da ranka da lafiyarka, ka zauna a gabana muna gaisawa, alhali akwai wata uwa a wani ƙauye da take ɗaga hannu cikin dare tana kai ƙararka, ko sunanka ba ta sani ba, amma Wanda take kai wa ƙarar Ya sani. Wannan tunanin yake zuwa mini a sujada. Shi yake zuwa mini in na ga yaro sanye da kaki a hanya. Na rasa inda zan ajiye shi.

Ka san yadda kawunka ya dawo. Ba mu taɓa zama da ku mun yi maganar ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma kai shaida ne, in jariri ya fara kuka a gidan, tashi yake ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, ko sawa ba ya tsayawa yi. Kuna yara kuna yi masa dariya. Ni ban taɓa yi ba.

Za ka ce ai fim ne. To ga wanda ba fim ba, a wannan yaƙin dai. Ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka shiga ƙauyen My Lai, suka karkashe mata da yara da tsofaffi. Rundunar Amurka ta ƙirga 347, hukumomin Biyetnam suka ce 504. Laftanan William Calley, wanda ya jagoranci wani ɓangare na kisan, shekararsa 24. Shi ma cewa ya yi umarni ya bi. A 1971 kotun soja ta same shi da laifin kashe mutum 22, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aka yi ta sassautawa har ya ƙare da ɗaurin talala na wajen shekara uku da rabi. Mutane da yawa a ƙasarsa sun ɗauke shi gwarzo a lokacin. Amma a 2009, yana tsoho, ya tsaya gaban jama'a ya ce babu ranar da ke wucewa bai yi nadamar abin da ya faru ba. Shekara 41 yana ɗauke da ita.

A wannan safiyar akwai wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, shi ma shekararsa 24. Ya hango gawarwaki a kwalbati daga sama, ya sauke jirginsa tsakanin sojojin ƙasarsa da mutanen da suke bi, ya gaya wa yaransa biyu in aka buɗe wa mutanen nan wuta su ma su buɗe. Ya sa aka kwashe su. Da ya koma gida zagi ya sha da barazanar kisa, sai a 1998 aka ba shi lambar yabo. Kai da kake neman namiji, tsakanin mutum biyun nan wa ya fi bukatar ƙarfin zuciya? Harbin wanda ba ya iya ramawa ai ko matsoraci ya iya.

Mu kuma ba sai mun je Amurka neman misali ba. Ka san matsayin Khalid bin Walid, Allah Ya ƙara masa yarda, Takobin Allah. Ba ina haɗa shi da mutumin fim ba ne, Allah Ya kiyaye. Shi fahimta ce ta kuskure masa. Bayan buɗe Makka aka aike shi wurin Banu Jazima, ya ɗauka ba su miƙa wuya ba, ya ba da umarnin kowa ya kashe fursunan da ke hannunsa. Abdullahi bin Umar, saurayi a lokacin, ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe cikin mutanensa. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗaga hannu ya yi ya ce, har sau biyu, yana barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata. Ya aiki Sayyidina Ali ya biya diyya. Bai ce ai kwamanda ne mai kawo nasara, a rufe maganar ba. Kuma bai zargi saurayin da ya ƙi bin umarnin ba. Ka riƙe wannan, don ranar da wani na sama da kai zai ce maka "harbe shi" alhali mutumin hannunsa a ɗaure yake. Dokar aikin naku ma, da yarjejeniyoyin da ƙasashe suka sa wa hannu a 1949, sun hana taɓa fursuna da farar hula. Za a koya muku a aji, ka saurara da kyau, kada ka ɗauke shi darasin cike lokaci.

Yanzu maganar da ka yi a kaina. Ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ni ne Barnes? Ni da na kama hannunka na kai ka har ƙofar gidan yaron nan da ka fasa wa baki, na tsaya a kanka sai da ka durƙusa ka ba shi haƙuri a gaban ubansa? Ka yi kwanaki ba ka kallon fuskata. Na yi tsanani, na sani, kuma in aka maido ni baya haka zan sake yi, don na ga yadda idonka ke yi in ka fi wani ƙarfi, na ce sai na kashe wannan abin tun yana ƙarami. Duk tsananina a kan me yake? A kan kada ka taɓa wanda ka fi ƙarfi. Shekara da shekaru ina wannan aikin, sannan ka dubi mutumin da ya sa wa yarinya bindiga a ka, ka ce ubanka ke nan? Ashe duk abin da ka ɗauka daga wurina ɗaure fuska ne da tsawa? Haba, ɗana. Ka ji kunyar wannan maganar.

To, na faɗa, ya wuce. Na san ba da mugun nufi ka faɗe ta ba, wataƙila ma yabo ka nufa. Kuma na san tsoro kake ji, ko da ba za ka amsa ba. Duk mai shirin shiga inda ake mutuwa yana neman fuskar da ba ta tsoro ya manna a zuciyarsa. Ban ga laifinka a nan ba. Ka koyi duk abin da Barnes ya iya: ka san makaminka, ka san ƙasa, ka daure wa yunwa da rashin barci, kada ka bar ɗan'uwanka a baya. Ba na son ka zama soja mai sanyin jiki, sakaci ma kisa yake yi. Elias ai bai gaza shi iya yaƙi ba, shi ne mai shiga ramin abokan gaba shi kaɗai. Za ka haɗu da irinsu duka biyu a bariki, kuma na farkon zai fi jan ido, zai fi yawan 'yan kanzagi. Ka yi masa biyayyar aiki, kada ka ba shi zuciyarka. Har yau kai ne yaron da ya ɓoye kyanwar nan mai karyayyar ƙafa a ƙarƙashin gado, kana tsammanin ban sani ba. Na sani, ni na hana a fitar da ita.

Ka zo gida ka kwana biyu kafin ranar tafiya, kada ka ce sai ana gobe. Mahaifiyarka tana da nata maganganun, ka zauna ka saurare ta ko da ta maimaita. Ka biya ta wurin kawunka ka yi masa sallama, kai kaɗai, ban da abokai. Kada ka tambaye shi komai. In ya ga dama ya yi magana, ka ajiye wayarka.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare mutane daga hannunka, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.