Kafin ka ajiye allin nan

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya ƙauye. Mamanka ta faɗa min abin da kuka yi a waya, wai ka gaji za ka ajiye koyarwa ka dawo gari, yaran ko baƙi ba su iya haɗawa ba ga albashi sai ya ga dama yake zuwa. Ban ce ƙarya ka yi ba. Amma tsaya ka ji labarin baffanka da ka ci sunansa tukunna, tunda iyakar saninka malami ne kuma ya rasu ba a haife ka ba.

Shi ɗan UPE ne, shirin nan na ilimin firamare ga kowa, a 1976 da gwamnatin Obasanjo ta ce firamare kyauta aka zo aka rubuta shi, kakanka ma da kyar ya yarda don lokacin boko abin gudu ne a wajenmu. Daga nan ya wuce kwalejin horon malamai ya fito da takardar shaidar malanta ta Grade II, aka tura shi wani ƙauye da ko mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, a keke yake zuwa. Aji ɗaya ya roƙa a ba shi, ajin da kowane malami ke gudu saboda kuka da majina, yana cewa yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba to da wuya ya kamo. Da Hausa yake fara musu, ba bi bo bu, su rubuta a ƙasa da yatsa, lissafi kuma da ƙwallon dabino, in alli ya ƙare ya saya da kuɗinsa, in yaro ya ɓace lokacin girbi ya bi shi har gona, in yarinya ce aka cire ya je zauren ubanta ya zauna ya yi ta lallashi ba faɗa ba gori. Wallahi ban taɓa ganinsa da bulala ba.

Sanƙarau ne ajalinsa, annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 11,000, yawanci nan arewa. Zazzaɓi da ciwon kai ya fara, aka ɗauka maleriya ce, kafin a ankara wuya ya sanƙare, muna isa asibiti rai ya yi halinsa. Ko talatin bai cika ba. Ya bar mata da jaririya, sai keke da rediyo da akwatin littattafai, shi ke nan gadon. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

To har yau fa ina haɗuwa da mutanen ƙauyen nan, wata ma'aikaciyar jinya da ta ji daga gidan da na fito sai da ta yi hawaye, ta ce ba don shi ba da talla za ta ƙare.

Ba zan tilasta maka ba, kai ma babba ne yanzu. Roƙona ka ƙarasa shekarar karatun nan kar ka watsar da yara a tsakiyar zango, ka je wajen hedimasta ka ce a ba ka 'yan aji ɗaya, ka gwada hanyar baffanka ka gani. Kuɗi kuma in ya yanke ka yi min magana, ba abin kunya ba ne. NCE ɗinka ma, takardarka ta malanta, ka ɗora digiri a kai, ana yi a NOUN, jami'ar karatu daga gida, kana aikinka, ka kuma yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai.

Zafi na tafe, ka riƙa buɗe tagogin aji, duk yaron da ka ga zazzaɓi da ciwon wuya a kai shi asibiti a ranar kar a tsaya jiƙe-jiƙe, kai ma ka yi rigakafi dan Allah. In ka shigo hutu ka leƙa yayarka 'yar marigayi, akwatin nan yana wajenta, ta ce ka zo ka zaɓi abin da zai maka amfani.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka