Faifan Neil Young da na tsinta a Sabon Gari

Salam Edita, don Allah a ba ni fili. Jiya a kasuwar Sabon Gari na ci karo da CD mai suna Trans na mawaƙin nan ɗan Kanada, Neil Young, wanda aka sake bugawa, kwalin ma ya ɗan tsage amma wallahi ko tayi ban yi ba na biya. Mutumin da aka sani da jita ne a 1982 ya koma kiɗan na'ura, murya kamar ta mutum-mutumi, har kamfanin Geffen da ke buga masa faifai ya maka shi kotu wai ba irin waƙarsa ba ce, alhali dalili shi ne ɗansa ba ya iya magana, uban na neman yadda za su fahimci juna. Abin ya taɓa min zuciya sosai. Ƴan rediyo, ku riƙa sako mana shi mana.

Mai karatunku, Tudun Wada, Zariya