Wasiƙa Zuwa Ga Yaya Kan Bitamin C Da Murar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Baba da Inna da iyalinka baki ɗaya. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso ni, inda ka ce in aiko wa Baba ƙwayoyin bitamin C masu ƙarfi, irin masu miligiram 1,000, domin an gaya maka suna kashe mura da tari, har da korona. Na ga gara in rubuto maka a tsanake maimakon in amsa a gurguje ta waya, tunda magana ce ta lafiyar Baba.

A nan Kanada ma haka mutane da yawa suka ɗauka. Da zarar sanyi ya shigo, sai ka ga kantunan magani sun jera kwalabensa a gaba-gaba, kuma a gidan kula da tsofaffin da nake aiki ’yan uwa kan zo wa iyayensu da shi, irin wanda ake jefawa a kofin ruwa ya yi ta kumfa har ruwan ya koma launin lemu. Maganar tana da asali. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Linus Pauling, wanda ya ci lambar yabo ta Nobel har sau biyu, ya fitar da littafi a 1970 yana cewa shan bitamin C da yawa yana kare mutum daga mura. Girman sunansa ya sa duniya ta karɓa tun kafin a gama gwadawa, kuma har yau amon maganarsa ne ke yawo.

Cewa jiki yana buƙatar wannan sinadari, wannan babu ja. Jikin ɗan Adam ba ya haɗa shi da kansa, sai dai ya samu daga abinci, kuma rashinsa kan sa dasashi ya riƙa zubar da jini, rauni ya ƙi warkewa, garkuwar jiki ta yi sanyi. Sai dai abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne: miligiram 90 a rana ga namiji baligi, 75 ga mace, kuma lemu ɗaya matsakaici yana ɗauke da kusan 70. Idan mutum ya sha fiye da 1,000 a rana, abin da hanji ke tsotsa bai kai rabi ba, kuma rarar da ta shiga jini ƙoda kan fitar da ita ta fitsari. Tulun da ya riga ya cika, duk ruwan da ka ƙara masa ƙasa zai sha.

A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen magunguna ta auna su wuri ɗaya, ta duba gwaji 29 da aka yi a kan mutum fiye da 11,000. Ta gano cewa masu shan bitamin C kullum suna kamuwa da mura kamar yadda marasa sha ke kamuwa. Waɗanda ya kare a fili su ne masu jigatar da jikinsu matuƙa, kamar ’yan gudun yada-ƙanin-wani da sojojin da ke atisaye cikin tsananin sanyi, inda kamuwa ta ragu da kusan rabi. Akwai kuma ɗan amfanin da ba zan ɓoye maka ba: ga wanda ya daɗe yana sha tun kafin mura ta kama shi, kwanakin ciwon sun ragu da kashi 8 cikin 100 ga manya, da kashi 14 ga yara. Idan mura ta saba yin mako guda, ragin da babba zai samu bai wuce rabin yini da ɗan wani abu ba. Amma abin da ya fi shafar mu shi ne wannan: waɗanda suka fara sha bayan majina da atishawa sun riga sun fara ba su sami wani sauƙi tabbatacce ba. To, Baba ya riga ya fara tarin.

Da korona ta zo, an sake gwadawa da gaske, domin kowa yana fatan a sami magani mai araha. A wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2021, mai marasa lafiya 214 da ke jinya a gida, an ba wasu miligiram 8,000 a rana, aka dakatar da gwajin tun bai ƙare ba saboda ba a ga bambanci ba. Sannan likitoci a nan Kanada tare da na wasu ƙasashe sun gwada ba da shi ta jijiya ga waɗanda aka kwantar a asibiti, mutum 2,590, kuma sakamakon da ya fito a 2023 bai nuna amfani ba, ya ma fi karkata ga cewa yana iya cutarwa. Don haka idan wani ya ce a yi wa Baba ƙarin ruwa mai bitamin C saboda mura, ina roƙonka kada ka yarda.

Mutane kan ce ai bitamin ne, ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Ga mai lafiya da ke shan daidai-wa-daida, haka ne. Amma iyakar da aka gindaya wa baligi ita ce miligiram 2,000 a rana, kuma wuce ta kan jawo gudawa da murɗar ciki da tashin zuciya. Jiki kan mayar da wani ɓangare na rarar ya koma wani gishiri da ke taruwa ya zama tsakuwa a ƙoda, kuma wani bincike a Suwidin a 2013 ya nuna cewa mazan da ke shan ƙwayoyin sun kusa ninka sauran wajen samun wannan tsakuwa. Ka tuna wahalar da Baba ya sha da ƙodarsa, wadda har yau likita ke sa ido a kanta. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin da ba zan aiko da masu ƙarfin nan ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne jinkiri. Na sha gani a wurin aiki yadda mura ke sauka ƙirjin tsoho ta zama ciwon huhu cikin ’yan kwanaki, alhali ’yan uwa suna ganin ai ana ba shi wani abu, a ƙara haƙuri. Ka zauna kusa da Baba lokacin da yake hutawa, ka dubi ƙirjinsa, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogo a hannunka. Na babba mai lafiya tsakanin 12 ne zuwa 20. Idan ya zarce haka sosai, ko numfashin yana sarƙewa, ko ƙirji yana ciwo, ko zazzaɓin ya tafi ya dawo, ko ka ga ya fara ruɗewa a magana, ko ya daina ci da sha, a kai shi asibiti a ranar. Akwai maganin da ake ba masu mura mai tsanani wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48, kuma likita ne kaɗai zai tantance ko ya dace da shi. Kada kuma a saya masa maganin kashe ƙwayoyin bakteriya a kemis ba tare da an duba shi ba, domin ba ya taɓa bairas, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo mura.

A yanzu dai a bar shi ya huta, ya sha ruwa sosai, a riƙa ba shi lemu ko gwaba ko ɗanyen tumatir, domin dogon dafuwa yana lalata sinadarin. Jikokin da ke mura su ɗan yi nesa da ɗakinsa, kowa ya riƙa wanke hannu. Kuɗin da na so in sayi ƙwayoyin da su zan turo maka a kai shi ganin likita, kuma ka tambayi likitan maganar allurar riga-kafin mura da ta ciwon huhu ga mai shekarunsa. Duk abin da ya ce, ka kira ni ko da tsakar dare ne a nan.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina yi masa sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ka gaishe da Inna da Anti da yara.

Wassalam.

Ƙaninka.