Sanarwa Kan Darasin Farko na Kwamfuta

Assalamu alaikum, malamai ƴan uwa. Ina roƙon mu sake duba abin da muke koyarwa a darasin farko na ilimin kwamfuta. Ɗalibi yana iya rubuta manhaja mai aiki, amma bai taɓa tambayar kansa wa za ta cutar ba. A 2018 an gano Cambridge Analytica, wani kamfanin ba ƴan siyasa shawara, ta kwashe bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da saninsu ba. Masu ilimin kwamfuta ne suka gina hanyar, ba jahilai ba.

Don haka idan mun ba su aikin tattara sunaye da lambobin waya, mu tambaye su: wa ya ba da izini, wa zai gani, yaushe za a goge? Kada mu bar wannan sai makon ƙarshe, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jarrabawa. Mai shawara ya turo kafin zamanmu na gaba.