Ƴata, kan katakon nan na maigidana

Assalamu alaikum ƴata, ya gida ya yaran? Na ga bidiyon da kika turo min a WhatsApp, maigidan nawa a kan katakon nan mai taya da suke cewa siketbod, kowa na ta dariya amma ni wallahi gabana ne ya faɗi, kai ba hula, ƙafa da silifas, ga kwata a buɗe gefensa.

Ba cewa nake ki ƙwace ba. Yaro in ka hana shi a gida zai je ya ari na abokinsa a inda idonki baya kaiwa, kuma ƙaninki ya ce min wasa ne na gaske, har a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 yarinya ƴar shekara 13 ce ta ci zinare. To ya yi, amma da sharaɗi.

Ki saya masa hular kwano daidai kansa, wacce ake ɗaure igiyarta a haɓa, ba irin ta ƴan acaba da take lilo ba. Da abin ɗaurawa na gwiwa da na wuyan hannu, don in mutum zai faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa, nan ne karaya ta fi yawa. Kambas zai sa, ya ɗaure igiya.

Titi kam babu, ko na layinku ne. Watan jiya a wajen Pen Cinema nan Agege da idona na ga wani yaro ya kama bayan danfo tana jansa, direban bai ma san da shi ba ya taka birki, sai ga yaron a ƙasa haɓa ta tsage jini har gaban riga, masu keke suna ta kauce masa. Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Tunda kuna kusa da Surulere, babansa ya riƙa kai shi filin sitadiyam ran Asabar da safe, ya tsaya a wajen, shekara 8 ba ta kai a bar shi shi kaɗai ba. In an yi ruwa a haƙura sai ƙasa ta bushe.

In kuma ya bugu a ka kika ga amai ko jiri ko yawan barci, kar ki tsaya shafa man zafi, asibiti kai tsaye ko da dare ne.

Kuɗin hular ni zan bayar, ki turo min akawun ɗinki yau. Ki gaida mijin naki.

Mamanki