A Karrama Ɗaliban da ke Binciken Funfuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi kira ga jami'o'inmu, musamman Jami'ar Legas da ke Akoka, da su ware lambar yabo ta shekara-shekara ga ɗaliban digiri na biyu da na uku masu binciken funfuna da sauran dangin naman gwari.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Masarar da ta bushe ƙayau a Arewa, da zarar ta kwana biyu cikin laimar daminar Legas, sai ka zura hannu cikin buhu ka ji ɗumi, ka fito da ƙwayoyin da suka yi kore-kore suna warin rima. Asarar kuɗi ita ce ƙarama. Wannan funfuna tana haifar da gubar afulatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, tana kuma jawo kansar hanta. A shekarar 2004 ta hallaka mutane fiye da 100 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara.

Masana a IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, sun samar da wani haɗi mai suna Aflasafe, wanda ke amfani da irin funfunar marar guba domin ta danne mai gubar tun a gona. Irin wannan aiki shekaru yake ci, kuma galibi ɗalibai ne ke kwana a ɗakin gwaji a kansa, alhali ba a ko jin sunansu. A ganina, a haɗa kyautar da kuɗin ci gaba da bincike, sannan a fassara sakamakon zuwa Hausa da Yarbanci domin ya iso gare mu a kasuwa.

Naku,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Mile 12, Legas.