A koya wa ɗaliban akanta tantance bayanai kafin a koya musu zane

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana kan wani darasi da jami'o'i da dama suka shigar cikin karatun digiri na biyu na aikin akanta, wato nazarin bayanai da kwamfuta domin yanke shawarar kasuwanci. Shigar da shi daidai ne, har ma an makara. Ƙungiyar AACSB mai tantance makarantun koyon kasuwanci ta sa wannan cikin sharuɗɗan da take gindaya wa sassan akanta tun 2013, kuma jarrabawar CPA, wato ta zama ƙwararren akanta a Amurka, da aka sake wa fasali a Janairun 2024, ta ƙara wa ilimin fasahar bayanai nauyi. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake koyar da darasin.

A wurare da yawa ya koma koyon manhajar kwamfuta kawai. Mako biyu a Power BI, mako biyu a Tableau, a ɗan taɓa Python, sai a miƙa wa ɗalibi bayanai tsaf waɗanda wani ya riga ya gyara, ya zana jadawali mai launi, ya ci maki. Ranar da ya kama aiki aka zubo masa ɗanyen rikodin cinikin shekara uku daga na'urar kamfani, manaja ya ce, "Mu ci gaba da ba wannan kwastoman kaya bashi, ko mu dakatar?" sai ido ya raina fata. Ya iya latsa maɓalli, amma ba a taɓa sa shi ya tabbatar da cewa lambobin da ke gabansa su ne na gaskiya ba.

A ganinmu makon farko bai kamata a kunna kwamfuta ba. A ba kowane ɗalibi tambaya ɗaya irin wadda mai kamfani ke yi: a rufe wane reshe, a rage farashin wane kaya, nawa za a ware saboda bashin da ba zai biyu ba. Ya rubuta a shafi guda wa zai yanke shawarar, zaɓi nawa ke gabansa, wace lamba ce in ta fito za ta sa a ɗauki wannan a bar wancan, kuma a wane littafi ko fayil ake samunta. Ɗalibin da ya kasa cika wannan shafin, duk abin da ya lissafa daga baya yawo ne a cikin alƙaluma.

Daga nan sai aikin da ya fi kowane cin lokaci, wanda kuma aka fi tsallakewa, wato tsaftace bayanai da daidaita su da babban littafin asusu, wato leja. A zangon karatu mai mako 14, ba asara ba ne a ba shi mako biyar. Ƙa'idar da za a kafa ita ce ba a yin nazarin komai sai jimillar fayil ta yi daidai da abin da ke cikin leja, wata-wata, kuma duk bambancin da ya rage an rubuta dalilinsa. Ana buɗe fayil a ƙirga layukansa, a haɗa jimillar kuɗi, a duba rana ta farko da ta ƙarshe, a ƙirga guraben da ba a cike ba, a adana waɗannan lambobi a gefe. Bayan kowane gyara a sake dubawa. Ainihin fayil ɗin kuma ba a taɓa shi, a kan kwafi ake aiki.

Malami ya dasa kurakurai a cikin bayanan da gangan, irin waɗanda ake cin karo da su a ofis. Kwanan wata ya fi kowane yaudara: 03/04 a wani tsarin 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuma 4 ga Maris. Idan aka buɗe fayil da saitin da ba nasa ba, ranakun da ba su wuce 12 ga wata ba za su juye, waɗanda suka wuce 12 su zama rubutu, cinikin wani wata ya koma wani, jimillar shekara kuwa ta tsaya daidai, shi ya sa ba a saurin ganewa. Excel yana share sifirin da ke farkon lamba, sai lambar asusu 00451 ta koma 451 ta daina haɗuwa da takwararta. Ba ya riƙe fiye da lambobi 15 masu ma'ana, don haka lambar shaida mai tsawon 16 ta ƙarshenta kan zama sifiri. Sunan mai kawo kaya ɗaya kan fito ta hanyar rubutu uku, a ɗauke shi mutum uku. Takardun mayar da kaya wani tsarin yana sa musu alamar ragi, wani kuma yana barin su kamar ciniki ya nuna su a wani gurbi dabam, wanda bai lura ba sai ya tara abin da ya kamata ya debe.

Akwai kuma iyakar girman fayil. Shafin Excel na yanzu yana ɗaukar layi 1,048,576, tsohon tsarin XLS kuwa 65,536 kacal. A Oktoban 2020 hukumar kiwon lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna sun kamu da korona ba su shiga rahotonta ba, saboda an zuba sakamakon a tsohon tsarin, abin da ya wuce iyaka ya zube ba tare da kowa ya sani ba. Ƙirga layi kafin da bayan ɗaukar fayil, aikin minti ɗaya, da ya kama wannan.

Inda muka fi ganin ɗalibai masu ƙwazo suna faɗuwa shi ne wajen haɗa teburin bayanai biyu, ko da SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, ko da Power Query, kayan haɗa bayanai na Excel da Power BI. A ɗauka takardar neman biya guda ce ta 500,000, kwastoma ya biya ta a kashi uku. Idan aka haɗa teburin ciniki da teburin biya ta lambar takardar, za ta fito sau uku, cinikin ya zama 1,500,000. Kwamfuta ba za ta ce komai ba, domin ta yi abin da aka ce ta yi. Maganin shi ne a fara tara biyan kowace takarda ya zama layi ɗaya kafin a haɗa, sannan a tabbatar yawan layukan bai ƙaru ba. Haka VLOOKUP, umarnin Excel mai nemo bayani daga wani teburi: in ba a gaya masa ya nemo daidai-wa-daida ba, zai kawo mafi kusa, ya liƙa wa kaya farashin wani kayan. Ya kamata kowane ɗalibi ya faɗa waɗannan ramuka biyu a aji, ya gano da kansa ta hanyar daidaita jimilla da leja, domin wanda aka gaya wa kawai mantawa yake yi.

Kada a ɗauka wannan matsalar 'yan koyo ce. Rahoton da bankin JPMorgan ya fitar a 2013 kan asarar fiye da dala biliyan 6 da ya tafka a 2012 ya nuna cewa lissafin auna haɗarin cinikin yana tafiya ne a shafukan Excel da ake kwafa da hannu daga wannan zuwa wancan, kuma a wani gurbi an raba da jimillar lambobi biyu maimakon matsakaicinsu, abin da ya sa haɗarin ya fito ƙasa da yadda yake. A 2013 ɗin ne kuma wani ɗalibin digiri na gaba a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, yana aikin aji na maimaita binciken wasu, ya gano cewa a shahararren nazarin Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na 2010 kan bashin ƙasashe, lissafin matsakaici ya tsallake ƙasashe biyar. Wannan aikin aji abin koyi ne. A ba ɗalibi aikin ɗan'uwansa ya sake yi daga ɗanyen fayil, in bai samu amsa iri ɗaya ba su zauna su nemo inda suka rabu.

Sai bayan haka a shiga nazari, kuma a fara da wanda akanta ya riga ya san tushensa. Ga misalin rage farashi. Kaya ana sayar da shi 100, kuɗin da ake kashewa a kan kowane guda 70, abin da ke saura 30. In aka rage kashi 10 cikin ɗari, farashi ya koma 90, saura 20. Ke nan sai an ƙara yawan abin da ake sayarwa da kashi 50 cikin ɗari kafin a dawo inda ake. Ɗalibi zai kawo zane mai nuna ciniki ya tashi da kashi 25 a watannin ragi, ya ce ragin ya yi amfani, alhali riba ta sauka: guda 100 sau 30 ya ba da 3,000, guda 125 sau 20 kuwa 2,500. Ko tashin nan ma sai an tambaya daga ina ya zo. In an yi ragin a lokacin da kasuwa ke buɗewa dama, to a gwada da watannin bara, a gwada da rassan da ba a yi ragi ba, a kuma duba watan da ya biyo baya, domin sau da yawa masu saye sun tara kaya ne suka daina zuwa. Abu biyu su tashi tare ba ya nufin ɗaya ne ya ɗaga ɗayan, kuma ɗalibi ya fi fahimtar haka a kan misalin da ya lissafa da hannunsa.

Bashin kwastomomi ma fili ne mai kyau. Ma'aunin rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 9, da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ya wajabta a ware tanadi saboda asarar da ake hasashe tun kafin bashi ya mutu. Ɗalibi ya raba bashin gida-gida bisa daɗewarsa: kwana 0 zuwa 30, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90, da abin da ya haura 90. Ya bi tarihin shekarun baya ya fitar da kashi nawa na kowane gida ya ƙare a asara, sannan ya gyara bisa halin da ake ciki yanzu. Kuskuren da aka saba shi ne ƙirga kwanaki daga ranar rubuta takarda ga wasu, daga ranar da biya ya wajaba ga wasu, da kuma dogaro da matsakaici alhali kwastoma biyu ko uku ne ke riƙe da rabin bashin. Irin waɗannan a fitar da su a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Dokar Benford na burge ɗalibai, shi ya sa take buƙatar linzami. Simon Newcomb ya lura da ita a 1881, Frank Benford ya sake tabbatar da ita a 1938: a tarin lambobin da suka taso da kansu, kusan kashi 30 cikin ɗari suna farawa da 1, kusan kashi 18 da 2, ƙasa da kashi 5 da 9. Tana aiki a kan kuɗaɗen da suka bazu daga ƙanana zuwa manya. Ba ta aiki a kan lambobin da aka raba bi da bi, kamar lambar rasit, ko kuɗin da aka ƙayyade. Kaucewa daga gare ta ba hujjar sata ba ce, alama ce ta inda za a leƙa. Idan iyakar abin da manaja zai iya amincewa da shi 50,000 ne, aka ga takardu sun taru a 48,000 da 49,000, to a ciro takardun a karanta, wataƙila ana raba babban biya ne gida biyu don a kauce wa sa hannun na sama. Ma'aunin binciken kuɗi na ISA 240 dama ya wajabta wa odita, wato mai binciken kuɗi, gwada shigarwar leja, don haka a koya wa ɗalibi neman waɗanda aka shigar da hannu a ƙarshen wata, da na ranakun hutu, da na lambobi masu sifiri da yawa a ƙarshe. A kuma nuna masa lissafin da ke bayan haka: a shigarwa 200,000, gwajin da ya yi wa kashi 1 alama ya tara masa 2,000, ba mai ƙarfin bin su duka, dole ya haɗa gwaje-gwaje ya jera su bisa nauyi.

Na'urorin hasashe da ke koyo daga bayanai a bar su zuwa makonnin ƙarshe. Abu ɗaya da dole ɗalibi ya fita da shi: in a cikin ma'amala 1,000 ɗaya ce ta zamba, na'urar da ta ce babu zamba ko ɗaya ta dace da kashi 99.9 cikin ɗari, kuma ba ta kama kowa ba. Sai ya tambayi nawa ta kama cikin na gaskiya, nawa ta zarga a banza. Manhajojin nan masu rubuta wa mutum umarnin kwamfuta ba laifi a yi amfani da su, da sharaɗi biyu: ɗalibi ya iya bayyana kowane layi, kuma kada ya loda musu bayanan kamfanin wani.

Samun bayanai na gaske yana yiwuwa in an kiyaye amana. A cire sunaye a sa lambobi, a ninka duk kuɗaɗen da adadi ɗaya na sirri, ta yadda ɓangarorin leja biyu za su ci gaba da daidaita, a kuma samu izinin kamfanin a rubuce.

Rabon maki ne zai nuna wa ɗalibai abin da malami ya ɗauka da muhimmanci. Shawararmu: kashi 40 ga tsaftacewa da daidaitawa tare da rubutaccen tarihin kowane gyara, kashi 30 ga takardar shawara da ba ta wuce shafi biyu ba, kashi 20 ga kare ta da baki, kashi 10 ga zane. Takardar ta buɗe da abin da za a yi, sai kuɗin da za a samu ko a rasa, sai zaton da aka gina lissafin a kai, sai abin da zai faru in babban zaton ya kauce da kashi 10 sama ko ƙasa. Wajen karewa a zaunar da wanda ba akanta ba ya yi tambaya na minti goma, sannan malami ya nuna lamba ɗaya a takardar ya ce ɗalibi ya bi sawunta har zuwa layin da ta fito a ɗanyen fayil.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Naka,
Wasu malaman akanta da masu binciken kuɗi